Nasiha a Kan Zaɓen Irin Ƙananan Tumatir Don Shuka a Tsakar Gida

 Ya ku masu karatu, 'yan kasuwa da magidanta, yau za mu ɗan ajiye zancen gero da dawa da masara mu taɓa zancen miya, domin tuwo komai kyansa ba ya wucewa shi kaɗai. Mu da muke auna hatsi muna ganin magidanci ya sayi tiya biyar ya ji ya gama da gida, sa'an nan kuɗin cefane ya zo ya kayar da shi. A cikin kayan cefanen nan kuwa babu mai hawa da sauka kamar tumatir.

Duk mai bin jerin farashi ya san yadda abin yake tafiya kowace shekara. Daga Janairu zuwa Maris tumatirin fadama yakan cika kasuwa, na Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga yake bi tun bayan da aka gama ta a 1974, da na Danja da kewayen Zariya. A lokacin nan sai ka ga kwanduna jibge a Kwanar Gafan da 'Yan Kaba, manomi yana roƙon dillali ya taya. Da bazara ta kankama, daga Mayu zuwa wajen Agusta, sai kaya ya ɗauke, kashi ɗaya ya koma kuɗin da jiya ake cika roba da shi. A 2016 tsutsar nan da manoma suke kira Sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kuma a 2024 babban kwando ya haye naira dubu 100 a kasuwar Mile 12 ta Ikko. To, a irin waɗannan watanni ne guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Bokiti 10 a gefen tsakar gida ba za su mai da kowa attajiri ba, amma sukan hana uwargida ta dafa farar miya alhali maigida yana raye.

Fasali na farko: dalilin da ya sa muka ce ƙanana

Asalin tumatir daga ƙasashen Amurka ta Kudu yake, wajen Peru da Ekwado, kuma kakansa na daji ɗan mitsitsi ne. Mutanen Meziko suka riƙa nomansa, Turawan Sipaniya suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga nan ya yaɗu har ya iso mu. Manyan da muke gani yau aikin masu gyaran iri ne. Shi ƙaramin ya fi kusa da asali, shi ya sa ya fi jure wahala.

Babban abin da yake hana tumatir haihuwa a ƙasarmu shi ne zafi. Idan zafin rana ya wuce digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, sai furen ya bushe ya kakkaɓe, itace ya yi kore shar amma babu ɗa ko ɗaya. A Kano da Sakkwato da Maraɗi kuwa digiri 40 ba abin mamaki ba ne a Afrilu. Ƙananan iri sun fi riƙe fure a cikin wannan hali, kuma tun da furensu yana da yawa, ko rabi ya zube rabi zai kama.

Na biyu, akwai cutar nan da gindin tumatir yake yin baƙi ya lotsa tun yana kan itace. Tana zuwa ne idan ban-ruwa ya zama yau akwai gobe babu, sai sinadarin kalsiyam ya kasa isa ƙarshen ɗan. Dogon tumatir irin Roma shi ta fi kamawa, ƙaramin kewayayye kuwa da wuya ta taɓa shi. A gida, inda ruwa yake hannun yara da mai garuwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Na uku, ƙarami ya fi saurin nuna, kuma da yawa daga cikinsu kaɗan-kaɗan suke nuna har tsawon wata biyu ko uku. Manomin kasuwa yana son gona ta nuna gaba ɗaya ya cika mota. Mai gida kuwa tafi ɗaya yake so yau, tafi ɗaya jibi. Bukatun biyu ba ɗaya ba ne, saboda haka irin ma ba zai zama ɗaya ba.

Sai dai mu faɗi aibinsa, kada mu zama kamar dillalin da yake ɓoye ƙasan buhu. Ƙaramin tumatir ya fi ruwa da 'ya'ya, fatarsa tana da yawa a kan tsokarsa, na gida kuma yakan yi tsami. Miyarsa tana daɗewa kafin ta tsotse, sai an tara shi da tattasai da albasa ko kauɗa kafin ta yi kauri. Yakan tsage idan ruwan sama ya sauka bayan fari, kuma tsinkarsa tana cin lokaci. Wanda ya san wannan ya shiga, ba zai ce an ruɗe shi ba.

Fasali na biyu: mai tsayawa da mai yaɗo

Kafin sunan iri, a fara sanin halin itacen. Tumatir kashi biyu ne. Akwai mai tsayawa, wanda idan ya kai gwiwa ko ƙugu sai ya daina tsawo, ya zuba 'ya'yansa cikin mako uku zuwa huɗu, sa'an nan ya tsufa. Akwai kuma mai yaɗo, wanda yake ta hawa yana fure yana haihuwa muddin bai mutu ba, har ya wuce tsawon mutum. Mai tsayawa ɗan guntun sanda ya ishe shi, kuma ba a cire masa reshe, don kowane reshe da nasa rabon. Mai yaɗo sai an kafa masa dogon itace ko gora ko igiya daga katanga, ana cire ƙananan tohon da suke fitowa a hammatar ganye, a bar jijiya ɗaya ko biyu.

Wanda yake gidan haya, ko filinsa bai fi shimfiɗar tabarma ba, mai tsayawa ya fi dacewa da shi, sai ya riƙa shuka shi kashi-kashi, tsakanin kowane kashi mako uku. Wanda yake da gindin katanga mai samun rana, da mai kula, to mai yaɗo ya fi riba. Idan ka je sayen iri, tambayar farko ke nan: tsayawa yake yi ko yaɗo? Mai shagon da ya kasa amsa wannan, kada ka ba shi kuɗinka.

Fasali na uku: sunayen iri da halinsu

Mu fara da waɗanda kowa ya sani. Roma an fitar da shi a Amurka a 1955, dogo ne mai tsoka, kuma harufan VF da ake gani a bayan sunansa alama ce ta cewa yana jure cututtuka biyu na ƙasa masu sa itace yaushi. UC82B, wanda a bakin kasuwa ake ce wa UTC, daga Jami'ar Kalifoniya ya fito, an yi shi ne don masana'anta, mai tauri, mai jure hanya, mai nuna lokaci ɗaya. Dukkansu biyu masu tsayawa ne, kuma sarakunan noman rani ne. Amma a nan lissafin ɗan kasuwa yake shigowa: lokacin da suke yin kyau shi ne lokacin da kasuwa take zubar da su. Me zai sa ka sayi ruwa wata uku don ka girbe abin da ake ba ka kusan kyauta a bakin titi? A bar wa 'yan fadama su, a saya a hannunsu da araha, a yanka a shanya kauɗa.

Sai ƙaramin tumatirin gida, wanda yakan fito da kansa a bola ko bayan ɗaki da damina, kewayayye kamar goruba ƙarama ko ƙasa da haka. Mutane suna raina shi, alhali ya riga ya ci jarrabawar da sauran ba su zauna ba: babu mai ba shi ruwa, babu mai fesa masa magani, ya fito ya haihu. Mafi yawansa mai yaɗo ne, kuma irinsa kyauta ne. Mu a ganinmu shi ne ginshiƙin lambun gida. Abin kula kawai, a ɗebi iri daga itace mai lafiya wanda ganyensa bai nannaɗe ba, kuma a shuka shi a ƙasa mai tsabta nesa da kwata.

Akwai Xina, irin da aka fitar a Senegal don zafi da damina, 'ya'yansa ƙanana, da Icrixina wanda cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai ta tace daga gare shi. 'Yan'uwanmu na Nijar sun fi mu saninsa. Wanda yake da hanyar Maraɗi ko Damagaram ko Ƙonni ya yi cigiyarsa, domin ana iya ajiye irinsa a sake shukawa.

Sai irin fakiti masu aure, waɗanda ake rubuta musu F1, kamar Padma da Platinum na kamfanin East-West Seed, da Mongal na Technisem. Waɗannan matsakaita ne, ba ƙanana ainun ba, amma mun kawo su ne don an yi su saboda damina, suna jure cutar nan da itace yake yin yaushi farat ɗaya ya mutu yana kore. Gidan da wannan cuta ta taɓa shiga ƙasarsa, su ne maganinsa.

Daga ƙarshe akwai 'yan mitsi-mitsi na ƙasashen waje da ake kira ceri, wanda ɗaya bai wuce giram 10 zuwa 25 ba, alhali Roma yakan kai 60 zuwa 80. A cikinsu akwai Sweet 100, ja mai dogon zangarniya, da Sungold, ruwan lemo, ɗan ƙasar Japan. Duka biyu masu yaɗo ne, masu zaƙi, sun fi kyau a kwaɗo ko a ci ɗanye, kuma yara ba sa barinsu su kai tukunya. Akwai kuma wadanni irin su Tiny Tim, wanda aka fitar a 1945, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, da Micro-Tom na 1989 wanda bai fi taƙi ɗaya ba. Waɗannan sukan zauna a gwangwani a kan taga, suna da ban sha'awa, amma ado ne. Magidanci mai baki 10 kada ya dogara da su.

Shawararmu a taƙaice: idan bokiti 10 ne, a ba ƙaramin na gida ko Icrixina 5, a ba mai aure na damina 3, a ba ceri 2. Kowanne da ranarsa, idan cuta ta kayar da wannan sai wancan ya tsaya. Mai hatsi ma ba ya cika sito da kaya iri ɗaya.

Fasali na huɗu: sayen iri da gwajinsa

Abin da muka sani a kan irin gero shi ne a kan irin tumatir: ido ba ya gane mataccen iri. A dubi ranar da aka rubuta a jikin fakiti, a guji wanda ya sha rana a kan tebur, a guji wanda aka buɗe aka ƙulla a leda babu suna. Giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya wajen 300, saboda haka ƙaramin fakiti ya ishi gida biyar. Maƙwabta su haɗa kuɗi su raba, ya fi kowa ya sayi na banza shi kaɗai, don araha ba ta ado.

Gwajin kuwa mai sauƙi ne. A ƙirga ƙwaya 10, a nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa, kada a bari ya bushe. Bayan kwana 7 zuwa 10 a buɗe. In 8 sun tsira, iri ne mai kyau. In 5 ne, a ninka abin da za a zuba. In ƙasa da haka ne, a mayar wa mai shi.

Game da F1 akwai abin da ya kamata kowa ya sani. Uwa daban uba daban aka haɗa, 'ya'yan farko su ne masu kyau. In ka ɗebi iri daga cikinsu ka sake shukawa, jikokin sai su rarrabu, wani dogo wani gajere, wani ya rasa juriyar da ka saya don ita. Don haka F1 saye ne kowace shekara. Na gida da Icrixina da Roma kuwa ana ajiye irinsu. A zaɓi nunannen ɗa daga itacen da ya fi kowa lafiya, a matse 'ya'yan da ruwansu a kofi, a bar su kwana 2 ko 3 su yi tsami har yauƙin ya saki, a wanke, a zubar da masu tasowa sama, a shanya masu nutsewa a inuwa. In sun bushe ƙayau a zuba a kwalba da ɗan toka a toshe, a rubuta suna da shekara. Yakan kai shekara 3 zuwa 4 da ransa.

Fasali na biyar: lokacin shuka

Tun da manufa ita ce a samu lokacin da kasuwa ta rasa, to daga baya ake ƙirgowa. Daga zuba iri zuwa dashe kwana 25 zuwa 30 ne, lokacin da ɗan itacen ya yi ganye 4 ko 5. Daga dashe zuwa tsinkar farko wajen kwana 60 zuwa 70. Watau wata uku da 'yan kwanaki ke nan.

Shuka ta farko a zuba ta a ƙarshen Disamba ko farkon Janairu. Za ta yi fure tun da sauran sanyi, a fara tsinka a Afrilu, mai yaɗo kuma ya ja har cikin Mayu in an yi masa rumfa da rana tsaka. Shuka ta biyu a zuba ta a farkon Afrilu a ƙarƙashin inuwa, a dasa a Mayu, ta yi fure lokacin da ruwan sama ya fara kwantar da zafi, a ci a Yuli da Agusta. Wannan ita ce mai wuya, kuma ita ce mai tsada. Ta uku a Yuni, a ci a Satumba da Oktoba kafin na fadama ya shigo. Tsakanin waɗannan kuwa kauɗar da aka shanya a Fabrairu ta toshe giɓi.

Fasali na shida: mazubi da ƙasa da ruwa

Bokitin fenti mai lita 20, ko jarkar da ta fashe aka yanke kanta, ko buhun hatsi da aka naɗe bakinsa, duk sun isa itace ɗaya. Ɗaya fa, ba biyu ba. A huda gindin wuri 5 ko 6 don ruwa ya fita. A haɗa ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen takin dabbobi kashi ɗaya, yashi ko ɓuntun shinkafa kashi ɗaya. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, sai ya kwana biyu ya huce. Kada a ɗebo ƙasar da aka noma tumatir ko barkono ko gauta ko yalo ko dankalin Turawa a cikinta bara, don dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, musamman tsutsar ƙasa mai sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli. A yi dashe da yamma, a binne ɗan itacen har zuwa ganyen farko, jikinsa zai fitar da sabuwar saiwa.

Yana son rana ta awa 6 ko fiye. Gindin katangar da take samun hantsi, ta kare shi daga ranar azahar, ya fi ko'ina. Ruwa kuwa a gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba, kullum a kan lokaci ɗaya. Babban itace a bokiti yakan sha wajen lita 2 a rana, da bazara ya fi haka. Bokiti 10 ke nan kusan jarka ɗaya kullum. Mai sayen ruwa ya dubi kuɗin jarka a unguwarsu ya gwada da kuɗin kashin tumatir a watan Yuni, ya yanke wa kansa hukunci. Amma a yawancin gidaje ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ɗauraye ganye, in aka tara su a bokiti maimakon a sake su a rariya, sun biya rabin wannan. Ruwan omo da na gishiri kam kada su kusance shi. A rufe bakin ƙasar da ciyawa busasshiya don laima ta daɗe. Takin zamani in za a sa, murfin kwalba ɗaya ya isa bayan mako biyu da dashe, nesa da jijiya. In aka cika masa yuriya sai ya yi ta ganye ya manta da haihuwa.

Fasali na bakwai: abokan gaba

Sharon ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai tashi da dare, asalinsa Amurka ta Kudu, ya shiga Sipaniya a 2006, daga nan ya tsallako Afirka. Mace ɗaya takan yi ƙwai har 260, tsutsar ta shige tsakiyar ganye tana ci daga ciki, sai ka ga fari-fari kamar an ƙona, daga baya ta huda ɗan. A gona mai eka da yawa yaƙi ne babba, amma a bokiti 10 ido da hannu sun fi magani. A duba kowace safiya, ganyen da aka ga alama a tsinke a jefa a murhu. Tsohon gidan sauro da aka daina amfani da shi, in aka ɗinke hujojinsa aka lulluɓe shukar, yana tare uwar. Ba mu ce a cire na kan gadon yara ba. Kuma lulluɓin ba ya hana haihuwa, domin furen tumatir da kansa yake barbarar kansa, sai dai a ɗan girgiza itacen da hantsi.

Farin ƙuda, ɗan mitsitsi mai zama a bayan ganye, shi yake kawo cutar da take sa ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, itace ya tsumbure. Wanda ta kama ba ya warkewa, a tuge shi tun bai shafa wa sauran ba. 'Ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa kwana ɗaya aka tace, a fesa da yamma duk mako, suna rage ƙudan da tsutsar.

A nan muna jan kunne da babbar murya. Maganin da ake sa wa wake da masara a sito, da fiya-fiya, ba na tumatir ba ne. Abin da za a tsinka yau a ci yau, yaro ya wuce ya jefa a baki ba wanki, haramun ne a kanka ka zuba masa guba don ka tsirar da kashi biyu. Sai kuma awaki da kaji da ƙadangaru, su ma masu rabo ne in ba a yi shinge ba. Da ɗa ya fara ja a tsinke shi, zai ƙarasa nuna a ɗaki, ya tsira daga baki da tsagewa.

Kammalawa

Malamanmu sun karantar da mu cewa a mazhabar Maliku babu zakka a kan kayan lambu, amma ƙofar sadaka a buɗe take, kuma abin da mutum ko tsuntsu ya ci daga shukarka yana cikin ladanka. In bokitinka ya yi albarka, ka tuna da maƙwabciyar da mijinta ya rasu, ka tuna da almajirin da yake kawo ruwan. Wanda kuma ya samu iri mai kyau ya raba wa mutum uku, don iri a hannu ɗaya shekara ɗaya ta fari take kashe shi. Mai niyyar cin tumatirin gidansa a watan Yuli, ya nemi irinsa ya gwada tun a Maris.

Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu da gonakinmu, Ya ba mu damina mai amfani, Ya rufa asirin magidanta.